Dalar Azurfa: Wata Sikeli Ke Yanke Mata Kuɗi, Wata Sai an Kai Ta Gwanjo

Ranar da aka buɗe adakar kakarmu bayan sadakar arba'in, a can ƙasan zannuwa aka tarar da wani ƙullin tsumma mai nauyi. Da aka kwance sai ga manyan sulalla na azurfa guda huɗu, duk sun yi duhu saboda daɗewa. Uku suna ɗauke da hoton wata mace mai jiki da mayafi a kanta, a bayansu an rubuta 1780, biyu daga cikinsu kuma maƙeri ya liƙa musu ɗan zobe inda ake zura zare a rataya a wuya. Ta huɗun dalar Amurka ce ta 1921, wadda ta shigo gidan cikin tsarabar aikin Hajji tun ba a haife mu ba. Kafin labari ya iso gare ni, ƙanena ya riga ya zauna da lemun tsami da toka ya dirje su tas. Sai ya turo mini hoto yana cewa, "Yaya, dubi yadda suka fito. Sun fi shekara ɗari biyu fa! Nawa kake ganin za su yi?"

Na daɗe ina riƙe da wayar ban ba shi amsa ba, domin abubuwa biyun da yake murna da su, wato shekarun da ƙyallin, su ne ainihin inda mutane suka fi yin kuskure a wannan harka. Tsufa kusan shi ne na ƙarshe cikin abubuwan da ke sa wa dalar azurfa daraja. Abin da ake biya wa kuɗi shi ne guda nawa irinta suka rage a duniya, kuma a wane hali suka rage.

Amma bari a fara daga ƙasa, daga abin da ba a gardama a kansa. Kowace dalar azurfa ta gaske tana da farashin da ba za ta faɗo ƙasa da shi ba, wato kuɗin azurfar da ke jikinta. Dalar da ake kira Morgan, wadda Amurka ta buga daga 1878 zuwa 1904 sannan ta sake bugawa a 1921, nauyinta giram 26.73 ne. Kashi 90 cikin ɗari azurfa, kashi 10 jan ƙarfe don ta yi ƙwari. Tsantsar azurfar da ke ciki ke nan ta ɗan haura giram 24. Kasuwar duniya kuwa da oza take awon azurfa, ozar da ake auna zinariya da ita, mai giram 31.1, saboda haka dala ɗaya tana ɗauke da 0.7734 na oza. Idan oza tana dala 30, azurfar ƙwandalar ta kai dala 23 da 'yan kai. Idan oza ta hau 50, ta kusa 39. Dalar Peace da ta gaje ta daga 1921 zuwa 1935 ma awonsu ɗaya. Wannan lissafi kowa zai iya yinsa da wayarsa, kuma shi ne kaɗai lissafin da mai sayen azurfa a kasuwa ya sani, ba kuma laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan. Gaskiyar da ba a son ji ita ce, mafi yawan tsofaffin dalolin da ke hannun mutane iyakarsu ke nan, ko su ɗara da kaɗan.

To ina batun 1780? Wannan ƙwandala ita ce kakanninmu suke kira liyari, kuɗin Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, amma fataken Larabawa da na Habasha da na ƙasashenmu sun amince da kuɗinta ƙwarai. Sai aka ci gaba da bugawa da hotonta da shekarar rasuwarta, ba a canza ko ɗigo ba. An buga a Viyana, daga baya aka buga a Roma da London da Faris da Bombay, har yau ɗin nan kuma ma'aikatar buga kuɗi ta Ostiriya tana fitar da sababbi, duk da 1780 a jiki. Adadin da aka buga ya wuce miliyan 300. Lokacin da Heinrich Barth, Baturen da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ana canza guda ɗaya a kan wuri 2,500. Kalmar dala kanta daga wannan dangi ta fito: sunan wani kwari ne mai ma'adinin azurfa a ƙasar Cek ta yau, aka gajarta shi ya zama tala, ya zama dala, har ya iso bakin Bahaushe, a Najeriya ya zauna a kan sule biyu, a Nijar kuma har gobe dala tana nufin faran biyar. Liyari yana da giram 28 da ɗan ɗoriya, tsantsar azurfarsa kimanin giram 23.4. Masana suna iya bambance bugun farko-farko da na baya ta wasu ƙananan alamu, kuma na farkon suna da masu nema, amma wanda ke cikin adakar tsofaffinmu galibi bugun ƙarni na 19 ne ko na 20. Shekarar da ke jikinsa tambari ce kawai na cewa kuɗin mai kyau ne.

Amurkawa ma suna da tasu ƙwandalar mai shekarar aro, sai dai ita tata ta kai ta sama ne. Dalar 1804, wadda masu tara tsofaffin kuɗi suke wa kirari da sarkin sulallan Amurka, ba a buga ko ɗaya a 1804 ba. A 1834 ne gwamnatin shugaban Amurka Andrew Jackson ta so aika wa Sarkin Maskat, Sa'id bin Sultan, da Sarkin Siyam, wato Thailand ta yau, kyautar jerin kuɗin Amurka. Ma'aikata suka duba littafi suka ga an rubuta cewa an fitar da dala a 1804, ba su san da tambarin shekarun baya aka buga waɗancan ba, sai suka sassaƙa sabon tambari mai 1804 suka buga 'yan ƙalilan. Duk waɗanda aka sani a duniya ba su kai ashirin ba. Wadda aka kai wa Sarkin Maskat an sayar da ita dala miliyan 4.14 a 1999, aka sake sayar da ita miliyan 7.68 a 2021. Ƙwandala biyu ke nan, kowacce shekarar jikinta ba ta gaskiya ba ce. Ɗaya ana auna ta a sikeli, ɗaya tana sayen unguwa guda. Bambancinsu yawa ne da ƙaranci.

Wanda ya fara shiga harkar yakan ɗauka cewa ƙarancin abu ne mai sauƙin ganewa: a duba littafi a ga nawa aka buga a wannan shekara, shi ke nan. Akwai gaskiya a ciki. A bayan dalar Morgan, ƙarƙashin mikiya, daidai saman haruffan D da O na kalmar DOLLAR, akwai ɗan mitsitsin harafi da ke nuna garin da aka buga ta. S na San Francisco ne, O na New Orleans, CC na Carson City, D na Denver wanda a cikin tsofaffin sai a 1921 kaɗai ya fito, idan kuwa babu komai to Filadelfiya ce. Wannan harafi da bai kai ƙwayar gero ba yana iya ninka farashi sau ɗari. A 1893 tattalin arzikin Amurka ya shiga ruɗani, aka soke dokar da ta tilasta wa gwamnati sayen azurfa, sai San Francisco ta buga guda 100,000 kacal. Yau ko wadda ta sha hannu har gashin kan hoton ya shafe tana kai dubban daloli, mafi kyawunta kuwa ta haura dala miliyan biyu a gwanjon 2021. Ita kuwa ta 1921 irin ta kakarmu, Filadelfiya kaɗai ta buga sama da miliyan 44, in aka haɗa da sauran garuruwan biyu an wuce miliyan 86.

Sai dai adadin da aka buga rabin labari ne, kuma a nan ne harkar take da zurfi. Dalar Morgan tun asali ba don jama'a suna buƙatarta aka yi ta ba. Masu haƙar azurfa na yammacin Amurka, musamman bayan an gano babban ma'adinin Comstock a Nevada a 1859, su suka matsa wa majalisa lamba har ta yi dokar Bland-Allison a 1878, wadda ta wajabta wa baitulmali sayen azurfa ta miliyoyin daloli kowane wata a mayar da ita kuɗi. Mutanen gabashin ƙasar kuwa sun fi son takarda, ba mai son ƙarfe mai nauyi yana ja masa aljihu. Sai aka riƙa zuba su a buhunan zane, dubu-dubu a kowane buhu, ana jibgewa a ɗakunan ajiya shekara da shekaru. A 1918, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta shiga matsin azurfa a Indiya, inda mutane suke ta kai takardun kuɗinsu na rufi suna neman a ba su tsaba. Amurka ta yi dokar Pittman, ta narkar da dala sama da miliyan 270, ta sayar wa Birtaniya mafi yawan azurfar. Masu ɗibar buhuna zuwa tukunya ba su tsaya rubuta shekara ko harafin gari ba. Abin da hannu ya kai gare shi, shi aka narka. Daga ranar nan littafin ma'aikata ya daina faɗin abin da ya rage.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na 1884. San Francisco ta buga miliyan 3.2 a shekarar, Carson City kuma miliyan 1.1 da 'yan kai. Da lissafin littafi, ta Carson City ya kamata ta fi tsada. Amma ta San Francisco kusan duka an sake su cikin kasuwa, suka yi yawo hannu zuwa hannu a shaguna da mashaya har suka goge, saura kuma aka narka. Ta Carson City kuwa a buhu ta kwana, kusan kashi 85 cikin ɗari na duk abin da aka buga aka tarar da shi a rumbun gwamnati bayan shekara tamanin, sabo fil, aka sayar wa jama'a ta hannun GSA, hukumar da ke kula da kadarorin gwamnatin Amurka, tsakanin 1972 da 1980. Sakamakon haka, sabuwar 1884-CC ana samunta a 'yan ɗaruruwan daloli, sabuwar 1884-S kuwa dubbai ce, mai kyau sosai ta wuce dala dubu ɗari. Amma gogaggiyar 1884-S ba ta fi kuɗin azurfarta da wani abin a zo a gani ba. Shekara ɗaya, gari ɗaya, tambari ɗaya, tazarar farashi kamar sama da ƙasa, kuma dalilin yana cikin tarihin inda kowacce ta kwana.

Wannan tarihi yana iya juyawa dare ɗaya, kuma ya taɓa juyawa. Har zuwa 1962, sabuwar 1903-O tana cikin waɗanda ake nema ruwa a jallo, ana sa mata kusan dala 1,500, kuɗi mai yawa a wancan zamani, domin kowa ya sakankance an narkar da ita a 1918. A ƙarshen shekarar aka buɗe wani ɗakin ajiya a Filadelfiya da aka rufe tun shekarun baya, sai ga buhunanta jibge. Cikin 'yan makonni farashi ya faɗo zuwa kimanin dala 30. Waɗanda suka zuba jarinsu a kanta ba su yi kuskuren gane kaya ba, kayansu na gaske ne. Abin da suka saya shi ne zaton cewa babu saura, zaton kuma ya karye. Haka aka sake gani da wani attajiri a garin Reno na Nevada mai suna LaVere Redfield, wanda bai yarda da banki ba, ya riƙa zuba buhunan dala a ƙarƙashin gidansa. Da ya rasu a 1974 aka tarar da fiye da 400,000, aka sayar da su gaba ɗaya a kan dala miliyan 7.3 a 1976. Duk wanda ya ce maka tsohuwar ƙwandala ba ta faɗuwa, ka tuna masa da 1903-O.

Yanzu ga inda lemun tsamin ƙanena ya shigo. Masu wannan harka suna auna lafiyar ƙwandala da ma'auni mai hawa 70, wanda William Sheldon ya tsara a 1949. Hawa na 1 ita ce wadda ta goge har da ƙyar ake gane ta. Daga 60 zuwa 70 kuwa su ne waɗanda ba su taɓa shiga hannun masu ciniki ba. A dalar Morgan, inda gogewa take fara nunawa shi ne gashin da ke saman kunnen matar da ke fuskar ƙwandalar da kuma gashin ƙirjin mikiya, nan ne suka fi tudu, nan yatsa yake fara ci. Amma ko a nan sai an yi hattara, domin New Orleans ta yi suna wajen bugu mara ƙarfi, sai ka ga sabuwar ƙwandala da ƙirjin mikiya a shafe tun daga ma'aikata, wanda bai sani ba ya ce ta sha hannu. Tsakanin 60 da 70 kuma abin da ake ƙirgawa shi ne tabon buhu, wato ƙananan sara da ƙwandaloli suka yi wa juna lokacin da ake jifa da buhunan. Tabo a kuncin matar ya fi tabo a cikin gashinta illa, saboda nan ido yake fara sauka. Hawa ɗaya tak, daga 64 zuwa 65, a wasu shekarun yana ninka kuɗi sau biyar ko fiye.

Abin da ke raba sabuwa da wadda aka wanke shi ne wani irin sheƙi da ba a iya ƙirƙirarsa. Lokacin da tambarin ƙarfe ya danne azurfa da ƙarfin gaske, naman ƙarfen yakan malala daga tsakiya zuwa gefe, ya bar wasu siraran layuka da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya. Idan ka riƙe ƙwandalar ta gefe ka karkata ta a ƙarƙashin fitila, sai ka ga haske yana zagayawa a fuskarta kamar fankar da ke juyawa a hankali. Waɗannan layuka a fatar sama kawai suke. Toka tana kankare su, lemun tsami yana cinye su, ko tsumma mai laushi in aka dage da gugawa yana barin ƙananan zane masu tafiya gefe ɗaya. Wankakkiyar ƙwandala takan yi fari fat, amma hasken a tsaye yake, ba ya motsi, kuma gwani yana ganewa kafin ya ɗauki gilashinsa. Irin wannan ba a ma ba ta lambar hawa. Sai a rubuta cewa an wanke ta, farashi ya ragu da rabi ko fiye. Duhun da muke gani kamar dauɗa kuwa, azurfa ce ta haɗu da sinadarin da ke cikin iska da zanen buhu, kuma idan ya fito da launi mai kyau, shuɗi da ja da ruwan zinariya kamar bakan gizo, ƙarin kuɗi ake biya a kansa. Mu da muka tashi muna ganin ana wanke kwalla da tasa har su ɗauki ido kafin a jera, wannan yana yi mana wuyar haɗiya. Ina ganin shi ya sa hannunmu yake saurin kaiwa ga toka.

Rami ko zoben rataya ma haka ne, a idon mai tarawa lahani ne babba, yana mayar da ƙwandala kuɗin sikeli. Ko da yake ra'ayin kasuwa yakan sauya. Amurka ta buga wata dala ta musamman daga 1873 don ciniki da ƙasar Sin, fataken can kuma sukan buga mata ɗan hatiminsu da ƙusa don shaidar sun gwada ta. Shekaru da dama ana ɗaukar waɗannan hatimai a matsayin ɓarna, yau akwai masu nemansu musamman, domin kowane hatimi shaidar hannun da ta bi ne. Ni a wurina zoben da maƙerin farfaru ya liƙa wa liyarin kakarmu irin wannan shaida ce, ko da kasuwa ba ta biya a kanta.

Tun da hawa ɗaya yana iya zama dubban daloli, dole a yi rigima a kan wa zai faɗi hawan. A da mai sayarwa ya ce 65, mai saye ya ce 63, a yi ta ja. Wannan ya sa aka kafa PCGS a 1986 da NGC a 1987, kamfanoni masu duba ƙwandala su tabbatar ta gaske ce, su ba ta lamba, su rufe ta a cikin roba mai tauri da ba a buɗewa sai an fasa. Sun gyara kasuwar ƙwarai, har ana iya saye daga nesa ba tare da an riƙe kaya a hannu ba. Amma ban yarda a mayar da lambar kamar saukakkiya ba. Mutane ne suke dubawa, kuma sananne ne cewa akan fasa roba a sake aikawa da fatan a samu ƙarin hawa, wani lokaci kuma a samu. Har ma a 2007 aka kafa wani kamfanin, CAC, wanda ya fara da aikin duba abin da waɗancan suka riga suka duba ya manna ɗan koren tambari idan ya gamsu. Ga kuma kuɗin aikin: kuɗin dubawa, da na aikawa, da inshora, ga wanda yake nesa suna iya fin ƙimar ƙwandalar kanta. Dalar 1921 ko Peace ta 1922, wadda aka buga sama da miliyan 51 a Filadelfiya kaɗai, ba ta cancanci wannan wahala ba. Wadda ake aikawa ita ce wadda shekararta da harafinta suka riga suka nuna akwai magana.

Kuma a daidai waɗannan shekaru masu magana ne jabu ya fi yawa. Akwai jabu na ƙarfen banza da aka shafa wa ruwan azurfa, irin wanda ya cika shafukan saye da sayarwa na intanet. Wannan sikeli mai auna giram da mayen ƙarfe sun isa su tona shi, domin azurfa ba ta kama mayen ƙarfe, faɗin dalar gaske milimita 38.1 ne, kuma idan nauyi ya yi daidai amma kauri ya wuce, to an cika da wani ƙarfe. Ƙararta ma daban ce, azurfa tana da amo mai tsawo idan aka ɗora ta a kan yatsa aka ɗan taɓa gefenta. Wasu masu jabun ko tarihi ba sa dubawa, sai ka ga CC a kan 1887, alhali Carson City ba ta buga dala ba daga 1886 zuwa 1888, ko ka ga Morgan mai 1906. Mai haɗarin shi ne jabun da aka yi da ƙwandalar gaske: a ɗauki 1893 ta Filadelfiya a liƙa mata ɗan harafin S, nauyi daidai, azurfa daidai, amo daidai. Abin da ke ceton mai saye shi ne duk 1893-S ta gaske da tambarin fuska guda aka buga ta, kuma tambarin yana da wani ɗan zane a cikin harafin T na kalmar LIBERTY wanda sai da gilashin ƙara girma ake gani. Robar kamfanonin ma ana yin jabunta, shi ya sa ake shigar da lambar da ke jiki a shafinsu a gwada hoto da hoto. Abu ɗaya da nake roƙon mutane: kafin a san shekara da harafi, kada a bari a goga ƙwandala a dutsen gwaji ko a ɗiga mata ruwan batir. Wannan gwaji na mai narkarwa ne, ya dace da mundaye da warwaro, amma ga ƙwandalar da ke iya zama mai wuyar samu, gwajin kansa ya ci rabin kuɗin.

Saura batun farashin da ake gani a waya, wanda shi ne yake tayar wa mutane da hankali. Kowa yana iya ɗora ƙwandala a eBay ya rubuta dala dubu hamsin; wannan buri ne, ba ciniki ba. Abin dubawa shi ne nawa aka sayar da irinta, mai shekara ɗaya da harafi ɗaya da hawa ɗaya, a watannin baya-bayan nan, kuma manyan gidajen gwanjo irin su Heritage da Stack's Bowers suna ajiye wannan a shafukansu. Ko shi ɗin ma ba shi ne zai shiga aljihunka ba, domin adadin da ake bugawa ya haɗa da la'adar gidan gwanjo, wadda takan kai kashi ɗaya cikin biyar, dillali kuma dole ya saya ƙasa da yadda zai sayar. Labarin dalar 1794, ta farko da Amurka ta buga, guda 1,758 kacal, wadda ɗaya daga ciki ta haura dala miliyan 10 a 2013, gaskiya ne. Amma irin wannan labari ne 'yan damfara suke riƙewa su zagaya gari suna cewa akwai Bature mai saye, a kawo kuɗin rajista ko na tantancewa tukuna. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai kaya. Ga masu rabon gado kuma akwai abin lura: raba irin waɗannan sulalla da ƙidaya, kowa ya ɗauki biyu-biyu, yana iya zama zalunci ba da niyya ba, tun da guda ɗaya tana iya fin sauran duka. A karanta shekara da harafi tukuna, a rubuta, sannan a yi ƙima.

Na kira ƙanena da daddare na yi masa wannan bayani, ba duka ba, iya abin da ya shafi namu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ke nan na ɓata su?" Na ce masa a wannan karon Allah ya rufa asiri, domin babu ɗaya cikin huɗun da ta wuce kuɗin azurfarta da yawa ko da ba a taɓa ta ba, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Da a ce ƙarƙashin mikiyar nan akwai CC kuma shekarar 1889 ce, wadda guda 350,000 kawai aka buga, da maganar ta zama ta kuka. Washegari muka kai su wurin wani mai sayar da azurfa ya ɗora a sikeli muna kallo. Dalar ta nuna giram 26.6, liyarin da ba shi da zobe ya tsaya a 28. Da aka zauna rabo, Gwaggo ta ce a sa mata masu zoben nan biyu a cikin kasonta, a kan kuɗin da sikeli ya nuna, domin ta tuna ranar da ta gan su a wuyan mahaifiyarta ana bikin ƙanwarta. Sauran biyun aka sayar aka zuba kuɗin a cikin gado.